Yadda na haɗa mariƙan katako don huda ƙananan abubuwa a injin huda na tsaye

Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwana kafintoci, musamman matasan da suka bar hannun iyayen gidansu suka buɗe nasu wurin, waɗanda wata rana za a kawo musu aikin da sai sun huda ɗaruruwan 'yan mitsi-mitsin katakai. A Kano nake sana'a, kuma yawancin abin da ke shigowa shagona gadaje ne da kujeru da durowa. Irin waɗannan in za ka huda su, nauyinsu kaɗai ya isa ya zaunar da su wuri ɗaya. Katakon da bai kai tafin hannu ba kuwa karatunsa daban ne, kuma ban sami wanda ya jero mini shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Tsinto shi na yi guntu-guntu, shi ya sa nake so in jera shi yadda ya zo mini.

A ƙarshen 2024, sanyi ya fara shigowa, shugabar wata makarantar nazare ta aiko a kira ni. Allon ƙirga take so guda 20, irin wanda yara ke tura 'ya'yansa dama da hagu suna koyon lissafi. Kowane allo ƙafafu biyu a tsaye, sandunan ƙarfe goma a kwance, kowace sanda 'ya'ya goma, sai zagayayyar sandar katako a sama wadda za a riƙa ɗaukarsa da ita, da ƙwallo ɗaya-ɗaya a kan kowace ƙafa. Na ce, "Hajiya, a rubuta mana komai a takarda." Muka rubuta yawan alluna, tsawo da faɗi, launin fenti, ranar kawowa da rabin kuɗi da za a fara ba ni, ta sa hannu na sa, kowa ya riƙe kwafinsa. Sai da na koma shago na zauna da fensir sannan girman aikin ya bayyana mini: 'ya'ya 2,000 da za a huda ɗaya bayan ɗaya a tsakiyarsu, ramuka 400 a jikin ƙafafu 40, ƙwallaye 40, da sanduna 20 da za a huda ta gefe. Gabana ya faɗi, domin diril ɗin hannu kawai nake da shi.

Washegari na tafi wurin maigidan da ya koya mini sana'a, wanda dukanmu muke kira Baba. Bayan gaisuwa na miƙa masa takardar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce injin huda na tsaye zan nema, ko da ƙarami ne na kan benci. Na ce, "Baba, in na samu injin, 'ya'yan fa? In riƙe su da filaya?" Ya girgiza kai ya ce, "Filaya za ta ci jikin katakon, kuma ai hannunka ne dai ke riƙe da ita. Guda goma za su fito daidai, na sha ɗaya ya kauce. Katako za ka yi wa katako gida ya zauna a ciki. Kada ka taɓa aikin Hajiya sai ka gama yi wa injin nasa aikin." Ya ɗauko wani guntun madaci da ya yi baƙi don tsufa, mai rami a tsakiya da tsaga, ya ce da shi ya riƙa huda hannayen durowa tun kafin in zo wurinsa. Bai yi mini dogon bayani ba, amma ganin guntun nan ya buɗe mini ido.

Injin na same shi a kasuwar Ƙofar Ruwa, na hannu, mai ƙarfin wat 350, cok ɗinsa, wato abin da ke kama bakin huda, na ɗaukar baki har milimita 13, gudunsa mataki biyar daga juyi 580 zuwa 2,650 a minti. Abin da nake so mai saye ya kula da shi guda uku ne, kuma duka ana gwada su a gaban mai kaya. Ka tafi da miƙaƙƙen ƙarfe mai kaurin milimita 6, ka ɗaure shi a cok, ka juya da hannu kana kallon ƙarshensa. In yana zana da'ira a iska, ko cok ya lalace ko sandar ciki ta lanƙwashe. Sannan ka sauke bakin har ƙasa ka kama shi ka girgiza. In yana wasa sosai, boris ya ci ko bututun da sandar ke bi ya saki. Na ukun, a kunna maka shi ka saurara. Na duba wasu kafin in tsaya a kan wanda na ɗauka, kuma sai da na jira mai shagon ya aika aka aro janareta, don babu wuta a layinsu lokacin. Mun daidaita a naira 95,000. Na nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin injin da sunan shago. Kayan hannu ne, kuma wanda zai ɗauko inji a Adaidaita Sahu ya ratsa gari gara ya riƙe shaidar cewa saye ya yi.

Daga nan sai 'Yan Katako da ke Na'ibawa. Ban sayi cikakken fallen filawud ba, domin mai ƙafa huɗu da takwas ya yi wa wannan aikin yawa. Guntaye na nema masu kaurin milimita 18, na ba da naira 4,000. Na tsinci guntayen madaci busassu don mariƙan, wato gidajen katakon da Baba ya faɗa, na sayi madacin ƙafafu, sai malaina don 'ya'yan saboda ba ta da nauyi kuma tana karɓar fenti. Bol da noti masu kaurin milimita 8, wosha manya, noti masu kunne da ake ɗaurewa da yatsa, hinji ɗaya da kilam biyu, wato abin matse katako, sun ci kusan naira 12,000. A Sabon Gari na sami bakunan huda: Forstner na milimita 25 da na 20, wanda ke yanka rami mai shimfiɗaɗɗen gindi, da bakunan katako masu tsini a tsakiya na milimita 6 da 8. Tsinin nan shi ke kafewa a inda ka sa shi, bakin ƙarfe na gama-gari kuwa yakan ɗan yi yawo kafin ya kama. Farashin wancan lokaci ne duk waɗannan, wanda zai saya yau sai ya sake tambaya.

Malainar na kai wa mai injin juya katako ya mayar mini da ita zagayayyun sanduna masu kaurin milimita 25, ya kuma fitar da ƙwallaye masu milimita 30. A nan na yi jira mafi tsawo, kuma jiran ya zama dole. Malaina tana daɗewa ba ta bushe ba, iskar hunturun Kano kuwa tana zuƙe danshin katako da sauri, sai ya tsuke ta faɗinsa, kuma ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe. Sandar da ta fito zagayayya yau, bayan mako sai ka auna ka ga ta ɗan rage, ta ɗan baje. Na jingine su a inuwa cikin shago, na bar su har awonsu ya daina sauyawa, sannan na mayar masa ya sake bi ta kansu ya daidaita. Ya ƙara mini kuɗi kaɗan, na biya da daɗin rai, domin duk mariƙin da za ka yi wa zagayayyen abu, ingancinsa na rataye ne a kan kaurin abin ya zama ɗaya.

Cikin wannan jira na fara aikin injin. Na ɗaure shi da bol a kan benci don kada ya yi rawa. Sai daidaita farantin ƙarfensa, wanda ake iya karkata shi dama ko hagu, kuma na hannu da wuya ka same shi a miƙe. Na lanƙwasa wata waya mai ɗan kauri, na ɗaure kai ɗaya a cok, ɗaya kan ya fita gefe ya sauko yana shafar farantin. Inji a kashe, na juya cok da hannu. Inda wayar ta karci faranti ya yi sama, inda ta bar tazara ya yi ƙasa. Na sassauta notin da ke ƙarƙashi na riƙa bugawa a hankali har wayar ta shafi ko'ina daidai. Wannan gwajin ya fi sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, gaskiya, kuma ba ya cin ko sisi.

Farantin ƙarfen ƙarami ne, ƙasansa kuma duk ƙashi-ƙashi, kilam ba ya samun wurin kamawa. Don haka na yi masa tebur na katako: filawud biyu na manne da gam, tsawo santimita 45, faɗi 30, na danne su suka kwana. Na ɗaure shi ta tsagogin farantin da bol biyu, na nutsar da kawunansu don kada su tokari aiki. A fallen sama na yanke murabba'i mai santimita 8 na cusa wani guntu da ake cirewa. Ban sa tsakiyar guntun daidai ƙarƙashin baki ba, na ɗan gusar da shi gefe, saboda in wuri ɗaya ya cinye sai in juya shi, ya ba ni sabon wuri har sau huɗu. Amfaninsa shi ne in baki ya fita ta ƙasan aiki ya tarar da katako lafiyayye, ba ya farfasa bakin ramin. Bayan tebur sai madogara, wato miƙaƙƙen katako da aiki zai jingina da shi. Na sha wahalar tunanin yadda zan sa ta yi daidai da gefen tebur, sai daga baya na gane ba a buƙatar haka ko kaɗan. Bakin huda ɗigo ɗaya ne, nisansa da madogara kawai ake nema. Sai na kafe kai ɗaya da bol, ɗaya kan yana lilo ana riƙe shi da kilam. Na kuma fere kusurwar ƙasanta kaɗan domin garin katako ya sami wurin shiga, in ba haka ba zai taru a lungu ya ture aiki daga jikinta ba ka sani ba.

Kafin in ci gaba bari in faɗi abin da ke sa ƙaramin katako ya zama haɗari, domin na gwada na gani da wani guntu, hannuna na nesa. In ka kalli injin ta sama, bakin yana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya. Yayin da yake cikin katako yana yanka ne a natse, amma daidai lokacin da zai ɓulla ta ƙasa sai ya cafke, ya ɗago guntun sama ya fara wulwula shi da irin gudun injin. Dogon katako za ka iya tokare shi da ginshiƙin injin ta gefen hagu. Ƙarami ba shi da abin tokarewa sai yatsunka, kuma yatsun suna tazarar santimita ɗaya ko biyu ne daga baki. Yaran da ke koyo a wurinmu amana ne iyayensu suka ba mu, kuma irin wannan aikin mai maimaituwa su muke miƙa wa. Tun daga ranar na sa doka a shagona: duk abin da bai kai tsawon tafin hannu ba, ba a riƙe shi da hannu a ƙarƙashin injin nan.

Mariƙin 'ya'yan shi ya fi cin tunani, kuma shi ne zuciyar aikin. Na yanke madaci biyu, kowanne tsawon santimita 30, faɗi 4, kauri 2.5, na haɗa su gefe da gefe, na ɗaura hinji a kai ɗaya, suka zama suna buɗewa da rufewa kamar almakashi. Ɗaya na ɗaure shi da sukurori a kan wani guntun filawud, ɗayan na bar shi yana motsi, na ɗan sassaƙe ƙarshensa ya yi daɗin riƙo. Kafin in yanka gurbin da ɗan zai zauna, na cusa siririn kwali tsakaninsu na matse da kilam. Na ɗaure filawud ɗin a tebur ta yadda tsinin Forstner na milimita 25 ya sauka a kan kwalin, na mayar da bel ɗin da ke sauya gudun injin mataki mafi ƙasa, na yanka gurbi mai zurfin milimita 10. Da na zare kwalin sai gurbin ya rage da kaurinsa, saboda haka in ka sa ɗa ka matse, katakon na cije shi tun kafin leɓunan biyu su haɗu. Ba don kwalin ba, da leɓunan za su haɗu ɗan yana juyawa a ciki.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci, wanda in ka riƙe shi kaɗai ma ya isa. Bayan ka yanka gurbin, kada ka kwance mariƙin, kada ka taɓa tebur. Cire Forstner kawai za ka yi ka ɗaura bakin milimita 8. Tunda cok ɗaya ne ya riƙe su, tsakiyar gurbin ita ce tsakiyar sabon bakin, ba sai ka auna ko ka ɗiga wa ɗa ko ɗaya alama ba. Sai dai a ƙananan injuna irin nawa, da zarar ka sassauta tebur don ka sauke shi, zai yi lilo gefe, saitin ya tafi. Don haka tun farko ka ɗaura bakin da ya fi tsawo, ka tsayar da tebur a inda za ka iya zare shi ka sa wani ba tare da ka sauke komai ba, ka kuma tabbata gajeren yana kaiwa. Na ɗauki lokaci a kan wannan saitin fiye da yadda na ɗauka wajen yanka katakan mariƙin.

Sandunan malainar na yayyanka su guntu-guntu masu kaurin milimita 15, wato in ɗa ya zauna a gurbi, milimita 5 na leƙowa sama, wurin da za ka kama ka cire. Na mayar da bel kan juyi 1,650. Yadda aikin ke tafiya: hannun hagu ya buɗe, ka sa ɗa, ka matse a can ƙarshen mariƙin nesa da baki, hannun dama ya sauke. Da yake ana huda su ne ta kan jijiyar katako, gari yana cushewa a jikin bakin, sai ka ɗaga sau ɗaya a tsakiya ya zubar, in ba haka ba ya yi zafi ya ƙona ramin. Bayan 'yan ɗaruruwa na lura gindin gurbin ya faɗaɗa, ƙasan 'ya'yan ya fara ɓarewa. Sai na ƙara zurfin gurbin kaɗan, na riƙa jefa wani siririn faifan katako a ƙasa wanda nake sauyawa in ya cinye. Na kuma manna siririyar samfefa a leɓen da ke motsi kaɗai, domin in ka manna a kafaffen, kaurinta zai ture ɗan daga tsakiya. Ramin milimita 8 na yi wa sandar ƙarfe mai milimita 6 da gangan, saboda fenti zai shiga ya rage shi, yaro kuma yana son ɗan da ke zamewa ba sai ya yi ƙarfi ba.

Wuta ta riƙa yi mana yadda ta saba, ta zo ta tafi. Ƙaramin janaretan shago da ƙyar yake tayar da injin, domin irin wannan mota tana jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi fiye da lokacin da take gudu, sai mun kashe komai sannan ya ɗauka. Amma abin da ya fi damuna makunnin injin ne, na da ne wanda in ka bar shi a kunne yana nan a kunne. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, sai ka manta, ka sa hannu kana share gari ko kana sauya bel, a dawo da ita. Na koya wa yarana cewa da an ɗauke wuta, abu na farko a kashe makunni, kuma ba a buɗe murfin bel sai an zare filogi. Makullin cok na ɗaure shi da igiya a jikin benci nesa da baki, don kada a bar shi a maƙale a kunna. Babu safar hannu, babu zobe, babu agogo, hannun riga a naɗe, tabarau a ido, takunkumi a hanci saboda ƙurar madaci.

Ƙafafun ba ƙanana ba ne, tsawonsu santimita 42, amma ramukansu goma dole su yi daidai da na abokiyar kowace, in ba haka ba sandunan su karkace. Na kafe wani tokare a jikin madogara ta hagu, na yanka 'yan katakai tara masu tsawon milimita 35 cif, duka daga saiti ɗaya. Sai in jera su tsakanin tokaren da gindin ƙafa, in huda, in cire ɗaya, in tura ƙafar ta tokare, in sake hudawa, har su ƙare. Ko da akwai ɗan bambanci a tsakaninsu, zai faɗa wuri ɗaya a duka ƙafafu 40, muddin ka sa musu lamba kana jera su yadda suke. Wurin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙafar dama da ta hagu. In gindi ne ke tokarewa a duka biyun, to ɗaya gabanta ne zai jingina da madogara, ɗaya kuma bayanta. Ma'ana, in ramin bai faɗa tsakiyar faɗin katakon cif ba, kaucewar za ta ninka. Gwajinsa da guntu ne mai faɗi ɗaya da ƙafar: ka ɗan taɓa shi da tsinin baki, ka juya shi kai ya koma gindi, ka sake saukewa. In tsinin ya koma ɗigon farko, madogara ta zauna. Zurfin ramin milimita 12 na tsayar da shi da notocin da ke jikin injin, kuma biyun duka ake matsewa juna, domin ɗaya kaɗai girgiza na kwance shi ramin ya yi ta ƙara zurfi har ya ɓulla.

Sandar ɗauka zagayayya ce, tana mirginawa, don haka na yi mata kwari. Na karkata zarto digiri 45 na yanka wani kakkauran guntu sau biyu, aka sami kwari mai kusurwar digiri 90. Saitinsa mai sauƙi ne: inji a kashe, ka sauke tsinin baki har ya zauna a can ƙasan kwarin, kana riƙe da shi a haka ka ɗaure guntun da kilam. Duk zagayayyen abin da ka kwantar a ciki, kauri ko siriri, bakin zai bi ta tsakiyarsa. Don ramukan kai biyu su kalli wuri ɗaya, na huda na farko, na cusa masa turke, na juya sandar, na daidaita turken a tsaye da sukwaya kafin in huda na biyu. Kawunan ƙafafun kuwa injin bai da tsawon da zai ɗauke su a tsaye. Sai na huda wani kakkauran madaci a injin, na yi masa leɓuna da zai hau kan ƙafa ya zauna, ya zama jagora ga diril ɗin hannu.

Ƙwallayen ba su ba ni wahalar da na zata ba. Na ɗora filawud biyu kan juna, na huda su tare da Forstner na milimita 20, na kuma huda ramukan bol biyu dama da hagu. Ƙwallo mai milimita 30 in ya hau ramin 20 da kansa yake neman tsakiya ya zauna. Na sama ya rufe shi, noti masu kunne su matse, baki ya bi ta ramin sama ya shiga. Nan ma ba a motsa na ƙasan bayan an huda shi. Abin lura kawai a juya ƙwallon yadda tabon da injin juyawa ya bari zai kalli sama, don ramin ya bi jijiyar katako.

Da na kai allunan, Hajiya ta sa wata malama ta ƙirga 'ya'yan kowace sanda, ta girgiza kowane allo ta ga ko wani abu zai fita. Na ji daɗin hakan, domin ɗan da ya kuɓuce daga sanda bakin yaro zai nufa. Shi ya sa na nutsar da sandunan a ramukan da ba su ɓulla ba, na sa gam, na kuma yi amfani da fentin ruwa. Ta sa hannu a bayan takardarmu cewa kaya sun cika, aka ce in dawo ƙarshen wata in karɓi ragowar kuɗi, kuma aka biya ni a lokacin.

Wanda zai karɓi irin wannan aiki, ya sa kwanakin haɗa mariƙai da na bushewar katako cikin wa'adin da zai ba mai kaya, ya kuma sa kuɗinsu cikin farashi. A wurina kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin aikin ya tafi ne kafin in huda ɗa na farko da zai shiga allo, kuma kwanakin nan ne suka fi tayar mini da hankali, ina kallon ranar alkawari na matsowa babu abin nunawa. Bayan nan kuwa yaron da bai fi wata shida da fara koyo ba ya huda mafi yawan 'ya'yan, kuma ba za ka bambanta nasa da nawa ba. Mai karɓar aikin ya yanka ƙarin guntaye kamar kashi biyar cikin ɗari, saboda gwaji da waɗanda za su tsage. Kowane saiti a fara gwada shi da guntun banza mai awo ɗaya da aikin, kuma bayan kowane ɗari a ɗauki ɗaya a zura shi a ƙarfe a juya. In yana ɗingishi, kilam ya saki ko gari ya taru a gurbi.

A jikin kowane mariƙi na rubuta da alƙalamin maka kaurin abin da yake riƙewa, girman baki da matakin bel, na huda masa rami na rataye a bango. In za a sake ɗora na 'ya'yan, sai a fara ɗaura Forstner na milimita 25, a sauke shi cikin gurbin inji a kashe har ya zauna, a ɗaure da kilam, sannan a sauya baki. Waɗannan mariƙan na katako ne kuma don katako aka yi su. Ƙaramin ƙarfe yana cafkewa da ƙarfin da ya fi na katako nesa, kuma gefensa yanka yake yi, don haka in aikin ƙarfe ya zo, bais, wato mamatsi na ƙarfe, ake ɗaurewa a faranti da bol, a rage gudu, a ɗiga mai.